Mai Wannan Aiki

Na san labarin da kuke ba junanku in kun taru a ɗakin Innarku ba na nan. Kuna cewa shekarar da Yayarku ta ƙi zuwa Babbar Sallah, ni ne na danne mata aiki a gaban duniya don kada a ce na fifita 'yata. Sadiku ma, da har yau bai san bambancin rauta da akwatin rediyo ba, shi ya fi kowa zaƙewa wajen ba da labarin. To tunda Allah ya ara mini rai har na zauna rubuta wannan littafi, bari in faɗa muku yadda aka yi, ku yanke hukunci da kanku, in kuna da haƙurin karatu.

A lokacin na kusa yin ritaya daga koyar da ilimin kwamfuta a Talata Mafara, amma aikin da ya fi ɗaukar hankalina ba na aji ba ne. Akwai wata manhaja da ke tafiyar da rauta, wato akwatin nan da ke karɓar saƙonnin intanet ya miƙa su gaba. Manhajar a buɗe take, duk mai iyawa a ko'ina cikin duniya yana iya leƙa cikinta, ya gyara, ya aika da gyaransa zauren imel inda ake muhawara a kai. Ni abin da ya kai ni ciki shi ne tsofaffin rautoci 'yan gwanjo da muka ɗora a kan tankunan ruwa a Damri da Kaya da wani ƙaramin asibiti a Bakura. In sun yi gardama in gyara, in aika da gyaran. Yau da gobe har aka damƙa mini kula da wani sashe, ni da wani dattijon Bature mai suna Tomas, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba sai a hoto. Duk gyaran da zai shiga sashen nan sai ɗayanmu ya sa hannu.

Sashen kuwa na wani ɗan lissafi ne. Kowane saƙo ya shigo, rauta takan haɗa adireshin inda ya fito da inda za shi ta fitar da wata gajeriyar lamba, da ita take sanin layin da za ta jefa shi. Masu sana'ar suna ce wa lissafin hash. Ni a aji shaida nake ce masa, don ba shi da maraba da shaidar da dillalin hatsi ke yi wa buhu a kasuwar Damri, 'yan dako su san motar da za su kai shi ba sai sun kwance baki ba. Lissafin da muke da shi a lokacin ba shi da sauri, amma kowace na'ura, tsohuwa ko sabuwa, in ka ba ta saƙo ɗaya lamba ɗaya za ta fitar.

Yanzu sai in zo kan Yayarku. Ita ce 'yar farinmu, kuma kun san yadda gidanmu yake da ɗan fari. Ana yaye ta mahaifiyata, Dada, ta goye ta zuwa Kaya, can ta tashi, can aka sa ta makaranta. Shi ya sa take amsa sunan Kaya a takardunta, ni kuwa Maradun nake amsawa, don can na yi firamare. Ban taɓa kiran sunanta ba, Innarku ma haka. In tana kusa in ce "ke", in ba ta kusa in ce "waccan". Ban taɓa yaba mata a gaban mutane ba, kuma ban taɓa zaunar da ita na koya mata kwamfuta ba. Abin da dai na yi, in ta zo hutu nakan manta da littattafaina a inda na san za ta gani, in manta da ofis a buɗe. Da haka ta koya, ta wuce ni, ta samu aiki a Abuja a wani kamfani mai manyan na'urori. Da ta shiga zauren manhajar nan ba ta shawarce ni ba, ni ma ban nuna na gan ta ba, kuma da yake sunayenmu sun bambanta babu wanda ya san akwai abin da ya haɗa mu.

Farkon daminar shekarar ta aiko da aikin da ta daɗe tana yi. Sababbin na'urori an gina musu irin wannan lissafi a cikin ƙarfen ƙwaƙwalwarsu, ba sai manhaja ta bi shi taki-taki ba, kira ɗaya za ta yi amsa ta fito. Yayarku ta rubuta hanyar yin wannan kira, kuma ta rubuta ta da tsabtar da ni ban taɓa kaiwa ba. Abin da ta nema shi ne a sa aikin a tsakiyar manhajar. Tsarin manhajar kamar gida yake: akwai tsakar gida da kowa ke ratsawa, akwai ɗakuna a gefe, kowane irin ƙarfe da ɗakinsa. Ita a tsakar gida take so, ya zama duk na'urar da ke da sabon ƙarfe da shi za ta riƙa yin shaida a ko'ina, tsohon lissafi ya koma na waɗanda ba su da shi. Na karanta aikin da hantsi, na sake karantawa, na tashi na kama zagaye gida, farin ciki ya cika ni ban san inda zan sa shi ba. Innarku tana tankaɗe a ƙofar madafa.

"Malam, lahiya kaka ta kai da komo kamar wanda akuya ta ɓace mai?"

"Waccan ta aiko da aiki."

"Wace waccan?" Tana sane, neman magana ne kawai.

"Ta Kaya."

"Ya yi kyau?"

"Ya yi ƙwarai."

"To ka hwaɗa mata mana."

"Ke kin taɓa hwaɗa mata?"

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Al'adata ce ba na sa hannu a kan aikin kowa sai na gwada shi a kan akwatunanmu. Na ari sabuwar rauta a makaranta, na zuba mata aikin Yayarku, na ɗaure ta a bayan babur na nufi Damri da sassafe, don a shekarun nan na rashin tsaro mai hankali yakan so la'asar ta same shi a gida. A Damri rautoci biyu ne ke raba aiki tsakaninsu, kuma rabon ba ya tafiya sai sun yarda da juna a kan shaidar kowane saƙo. Na cire ɗaya na sa sabuwar a madadinta, na bar tsohuwar a kan tanki. Sai na roƙi ma'aikaciyar jinyar garin ta kira likitan Bakura ta intanet kamar yadda ta saba in an kawo mata haihuwar da ta fi ƙarfinta. Murya ta fito ras, sai ta yanke, ta dawo, ta sake yankewa. Na duba na ga abin da nake tsoro: sabon ƙarfe lambarsa daban yake fitarwa, tsohuwar rauta ta ce saƙo na wannan layi ne, sabuwa ta ce na wancan ne. Matar ta miƙo mini wayar ta ce in da mai naƙuda ce a gabanta da ta jefar da wayar ta nemi mai babur. Aikin Yayarku ba shi da aibi ko kaɗan, wurin da ta nema masa ne bai dace ba.

Na dawo na rubuta a zaure abin da na gani. Na ce mai wannan aiki ta yi ƙoƙari, amma a ganina ɗaki ya kamata a ba shi a gefe, a bar ƙofa ɗaya a tsakar gida da za ta zaɓi lissafin da ya dace, kuma duk inda na'urori biyu za su yarda da juna a bar tsohon lissafi. Ta amsa da cewa bi ta ƙofar nan zai cinye wani kaso na saurin da ta sha wahala ta samo, kuma gaskiya ta faɗa. Na amsa, ta amsa, wasu suka shigo, masu manyan na'urori suka bi bayanta, masu tsofaffin akwatuna irin namu suka bi nawa. Duk tsawon muhawarar nan kowa ina kiran sunansa kamar yadda ake yi a zauren, ita kaɗai ce "mai wannan aiki". Ban ma lura ba, hannuna ne ke kauce wa sunan kamar yadda bakina ya saba. Wata ranar Laraba bayan azahar Yayarku ta kira ni a waya. Muka gaisa, ta tambayi Inna da ƙannenta da ruwan bana, sannan ta shiga magana.

"Baba, akwatunan ga naku sun tsufa. Canza su ya kamata a yi, ba a ɗaure duniya da su ba."

"Wa za ya hau tankin Damri ya canza su? Da wace hanya za a kai sababbin?"

"Na ji. Ka ƙi aikin in ka ga dama, wannan haƙƙinka na. Amma ba shi ad da zafi ba."

"Mi ad da zafi?"

"Kowa cikin zauren ga ka kira sunanai. Har yaron da ya shigo jiya yana tambayar banza ka kira nashi. Ni kaɗai ta mai wannan aiki."

"Kin san dalili."

"Ni na sani, Baba. Su ba su sani ba. Gani sukai ko sunana bai kai ka rubuta ba. Abokan aikina nan ofis suna karantawa, suna tambayata mi niy yi ma tsohon nan."

Na ce ta gaida mai gidanta. Washegari sai ga saƙon Tomas, ni kaɗai ya aiko wa. Ya ce ya yarda da hujjata a kan wurin da aikin zai zauna, amma shekarunmu da yawa tare bai taɓa ganin na wulaƙanta kowa ba sai wannan baiwar Allah. Ya ce tana da suna, kuma masu hazaƙa irinta in aka yi musu haka tafiya suke yi ba su dawowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don ya yi ƙarya ba. Mutumin da ke can wata ƙasa mai sanyi yana koya mini yadda zan girmama 'yar da na haifa, kuma ba ni da bakin da zan ce masa girmamawar ce ta kawo haka.

Ranar Juma'a na tafi Kaya. Na sami Dada a gindin bedin tsakar gida tana tsinke tafasa a faifai, idonta ya yi rauni amma hannunta bai manta ba. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta bi gidana ɗaki-ɗaki da tambaya. Sannan na ba ta labari yadda za ta gane, na ce akwai wata majalisa ta mutanen ƙasashe, jikarta ta kawo aiki, ni ne alƙali, kuma rashin kiran sunanta ya sa ana ganin na raina ta.

"Ubanka har ya koma ga Allah bai kira sunanka ba," in ji ta. "Ka lalace?"

"Ban lalace ba, Dada."

"To ita ma ba ta lalacewa."

"Mutanen ga ba su san ɗiyata ta ba. Ba su san kunya irin tamu ba."

"Su sunka haihe ta?"

"A'a."

"To mi ar ruwanka da abin da sunka sani?"

Ta tura mini faifan ta ce tunda na zauna in taya ta tsinka. Ba ta ƙara komawa kan maganar ba, ni ma ban ƙara ba.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin mahaifina, don ni ma ɗan fari ne. Ranar da na kawo takardar shaidar gama karatuna bai dube ni ba, bango ya kalla ya ce an gode Allah, ya shiga ɗaki. Da safe ya sa aka yanka ragon da ya fi so a garkensa. Ban ji zafin shirunsa ba, ko in ce na ji kaɗan, amma duk Kaya ta san abin da shirun yake nufi. Mata a bakin rijiya sun sani, abokaina sun sani, suna ma tsokanata da shi. Gari ne gaba ɗaya ke taya uba faɗin abin da shi ba zai faɗa ba. Yayarku kuwa na kai mata irin wannan shiru inda babu Kaya, babu rago, babu ko mutum ɗaya da zai fassara mata shi a gaban jama'a. Can shirun raini ne kawai, kuma ita ke ɗauke da shi a gaban waɗanda take aiki da su. Kafin in shiga Talata Mafara na san abin da zan yi, na kuma san ba zai yi wa kowa daɗi ba, har ni.

Da hantsin Asabar na zauna na rubuta hukuncina a zaure. Na fara da abin da ya fi mini nauyi. Na ce kafin a ci gaba ya kamata kowa ya san cewa wadda ta kawo wannan aiki 'yata ce, 'yar farina, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari saboda girman da yake ba shi, shi ya sa aka ga abin da aka gani. Na ce aikinta ya fi duk abin da na taɓa rubutawa a sashen nan kyau. Sannan na ce duk da haka ba zan yarda ya zauna a tsakar gida ba, na kawo labarin Damri, na maimaita tsarin ɗaki da ƙofa. Tunda kuma yanzu an san 'yata ce, na roƙi Tomas ya duba hukuncin, in ya ga son kai ko tsoron surutu a ciki ya rushe shi. A ƙarshe na buɗe sabon ɗakin a cikin manhajar, kuma ƙa'ida ce a rubuta sunan mai kula da kowane ɗaki a samansa. Na daɗe ina kallon wurin. Innarku ta kawo mini kunu ta tsaya a bayana, tana gani na danna haruffan ɗaya bayan ɗaya: Rukayyatu Kaya. Ta kau da kai da sauri kamar ta ga abin da bai kamata ba.

"Ashe kai ma ka zama Bature," ta ce, ta ajiye kunun ta fita.

Tomas ya tabbatar da hukuncin. Abin da ya biyo baya ba daɗi. Wasu a zaure suka yi ta taya ni murna da samun 'ya irin wannan, ni kuwa kowace taya murna ji nake kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Wasu suka ce uba ya tare wa 'yarsa hanya, wasu suka ce a'a, uba ya yanka wa 'yarsa ɗaki. Labari ya kai Kaya, ba sai na faɗi wanda ya kai shi ba, Sadiku ya san kansa. Da na je gaisuwa Dada ta ce ta ji an ce na yi shela, daga nan ba ta sake sakin fuska da ni ba sai bayan wani lokaci mai tsawo. Yayarku kuwa shiru. Kamfaninsu sun sa rai da cikakken saurin nan, ta yi musu alkawarinsa, ga shi mahaifinta ya rage shi. Sallah ta zo ta aiko da saƙon cewa aiki ya riƙe ta. Kun ga yadda na yi a ranar, na yanka rago na shiga ɗaki, kuka ce fushi nake. Ba fushi ba ne, tsoro ne. Na karya abin da aka gina ni a kai don kada in rasa ta, kuma ga alama na rasa ta duk da haka.

Bayan Sallah da 'yan makonni aikin ya sake shigowa zaure, an sake masa tsari, ya shiga ɗakinsa daidai, har ta samo dabarar rage asarar da ƙofar ke jawowa, dabarar da ni ba ta taɓa zo mini ba. Babu ko kalma ɗaya zuwa gare ni a ciki. Na kai shi Damri na gwada, likitan Bakura ya yi magana har ya gaji murya ba ta yanke ba. Na sa hannu.

Sai da kaka ta zo gida, ana ta shigo da damman gero. Da la'asar ina zaune a kan tabarma a tsakar gida ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, maimakon ta tashi kamar yadda ta saba sai ta zauna a gefen tabarmar.

"Baba, har yanzu ina ganin tsakar gida ya kamata a sa shi."

"Na sani."

"Kuma ba haka nika rubuta sunana ba. Ruqayyah nika rubutawa. Babu mai ce min Rukayyatu, ko Dada."

"Haka liman ya raɗa shi."

"Kai ka ji? An ce ranar sunana ba a gan ka ba, gona ka gudu."

"Ban kai gona ba. Ina bayan darni, na ji komai."

Ta yi ɗan murmushi, tana wasa da bakin tabarma.

"Dada ta ce ita ta zaɓa min shi."

"Dada rufa min asiri ta yi. Tun kina ciki na zaɓe shi, na rasa wanda zan hwaɗa ma, sai na hwaɗa mata."

Ta daɗe a zaune kanta a sunkuye, ni ma ina kallon damman gero kamar yau na fara ganin gero. Da aka kira magariba ta tashi ta ɗauko mini buta.

Ɗakin nan na cikin manhajar nata ne, ita ke da ikon canza duk abin da ke cikinsa ba tare da ta tambayi kowa ba, kuma ta canza abubuwa da yawa tun daga lokacin, har da waɗanda na so a bari. Duk sanda muka haɗu sai ta tuna mini cewa na yi kuskure a kan wurin da na ajiye aikinta. Sunan dai har yau ba ta gyara shi ba.